Daga Aljihun Wa Ribar Za Ta Fito?



Wata Lahadi cikin kakar bana, bayan an tashi daga Misa, wani dattijo ya tsayar da mu a inuwar dogonyaro, ya ce yana da magana. A fili aka yi ta, ba a ɗakin furta zunubi ba, kuma da yardarsa muke kawo ta nan, ko da yake mun sakaya sunansa. Tsohon malamin makaranta ne wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da 'ya'yan mutane tsakanin Shinkafi da Zurmi. Da kuɗin sallamarsa suka fito bayan dogon jira, ɗan ƙanwarsa da ke zaune a Kaduna ya nuna masa wani kamfani na ƙasar waje a cikin wayar hannu. Kamfanin, in ji yaron, ya ƙirƙiro wani sinadari mai tsotse ɗanyen mai daga kan ruwa, amma bashi ya yi masa katutu, don haka hannun jarinsa ya faɗi warwas, har kowane ɗaya bai kai kuɗin ƙullin gyaɗa ba. Wanda ya saya yanzu, ranar da aka sami babbar malalar mai a wani teku, ko aka ba kamfanin kwangila, zai wayi gari attajiri. Ga shi kuma ya taimaki aikin kirki. Dattijo ya zuba naira 300,000. Cikin wata huɗu abin ya koma rabi.

Ba asarar ce ta kawo shi ba. Cewa ya yi: "Fada, yaron nan ya ce in gaya wa 'yan Zumuntar Maza su ma su saya, kuma in yi wa mai ɗakina magana, tun da yake ita ce ma'ajin adashen Zumuntar Mata. Wai idan masu saye suka yi yawa, farashi zai ɗaga, kowa ya huta. Zuciyata ba ta kwanta ba. Shin akwai laifi?"

Mun ce da shi, "Baba, zauna tukuna." Gama tambayar ta fi ƙarfin a amsa ta a tsaye.

Kada kowa ya yi wa wannan bawan Allah dariya. Duk wanda ke zaune a wannan yanki ya san abin da ya kai shi. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuɗin da aka ajiye a banki ko a ƙarƙashin katifa sai narkewa yake yi kamar man shanu a rana; a ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. A dā mai ritaya zai sayi gona, ko bijimai biyu, ko ya tara wake da gero da kaka ya fitar da damina. Yau gonar tana inda ba a zuwa sai da izinin 'yan bindiga, bijimi kuwa kiran ɓarawo ne. Ita kanta kasuwar Alhamis ta Shinkafi, wadda fatake ke zuwa ci har daga Nijar, mun ga an rufe ta a 2021, aka kuma yanke layukan waya a jihar. Mutumin da aka toshe wa duk hanyoyin da ubansa ya bi, idan aka nuna masa wata ƙofa a cikin waya, sai ya leƙa.

Kuma shiga haɗari don neman halal ba zunubi ba ne. Manomin da ya binne iri bayan ruwan fari bai san ko sama za ta ɗauke ba. A cikin misalin talanti da ke Bisharar Matiyu, sura ta 25, bawan da aka tsauta wa shi ne wanda ya haƙa rami ya ɓoye kuɗin don tsoro. Haka nan babu wata ƙira mai amfani da ta taɓa fitowa daga ɗakin gwaji zuwa kasuwa ba tare da wani ya sadaukar da dukiyarsa a kanta tun ba a tabbatar da ita ba. Idan har akwai abin da zai tsabtace ruwan masunta, wajibi ne a sami masu ɗaukar nauyinsa. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ita ce ta kama zuciyar dattijon. Sai dai ta jingina ne a kan wani zato da ya kamata mu duba: cewa kuɗinsa sun tafi wurin aikin tsabtace ruwa.

Ba can suka tafi ba. Kamfani yakan karɓi kuɗin jama'a ne a ranar da ya fitar da sabon hannun jari ya sayar da kansa. Bayan wannan, duk cinikin da ake yi a kasuwa tsakanin mai riƙe da takarda ne da mai son karɓarta. Naira 300,000 ɗin dattijo ta shiga aljihun wani ne da ya gaji da riƙo ya sami mafita. Ko ɗigon mai ɗaya ba a kwashe da ita ba. Kamar wanda ya sayi tsohuwar riga ce a gwanjo, yana zaton ya taimaki masaƙin da ya saƙa ta. Idan kuwa kamfanin da bashi ya danne ya buga sababbin hannayen jari don biyan masu binsa, kamar yadda irinsa suka saba yi, to, rabon kowane tsohon mai jari raguwa yake yi, tamkar a ƙara ruwa a tukunyar kunu don baƙi sun ƙaru. Kofuna sun yi yawa, gero bai ƙaru ba.

Sa'an nan ga yaudarar araha. Zuciya takan ce abin da ya riga ya faɗi ƙasa ba shi da sauran inda zai faɗa. Lissafi bai yarda ba. Wanda ya sayi hannu 400,000 a kan kwabo 50 kowane, naira 200,000 ke nan; in farashi ya koma kwabo 25, ya yi asarar rabin dukiyarsa daidai da wanda ya saya a naira 100 ya koma 50. Yawan lambar da ke kan takarda shi ne ke sa mutum ya ji kamar ya mallaki garke. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a nan ƙasar mun gani da idonmu. Waɗanda suka manyanta za su tuna shekarun 2005 zuwa 2007, bayan da Babban Banki ya umarci kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25, yadda ma'aikatan banki suka riƙa bin ofisoshi da makarantu da takardun sayen hannun jari, har ana ba mutum rance don ya saya. A farkon Maris na 2008 darajar kasuwar hannun jari ta Legas ta haura naira tiriliyan 12. Shekara guda bayan haka ba ta kai rabin wannan ba, kuma a watan Agusta na 2009 gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. Kamfanoni da dama suka sauka kan kwabo 50, suka zauna a nan shekara da shekaru, domin dokar kasuwar ta wancan lokaci ta hana a sayar ƙasa da haka. Masu son sayarwa sun yi layi, mai saye babu. Da aka janye wannan shinge a watan Janairu na 2018, wasu suka zarce zuwa kwabo 20. Ɗaya daga cikin waɗanda suka daɗe a ƙasan, kamfanin Japaul mai hidimar jiragen ruwa ga masu haƙar mai, ya canja suna a 2020 ya koma neman zinariya. Ba don zargi muka ambace shi ba. Muna so ne a lura cewa wanda ya sayi hannun jari saboda labarin mai, yana iya wayar gari yana riƙe da labarin wani abu dabam.

To, in kamfanin ba ya samun riba balle ya raba, ta ina mai jarinsa zai ci? Ta hanya ɗaya tak: a sami wani da zai saya a hannunsa da tsada fiye da yadda shi ya saya. Ɗan ƙanwar dattijo, a cikin ƙuruciyarsa, ya faɗi gaskiyar da manyan dillalai ke ɓoyewa. A kasuwar da masu ciniki ba su da yawa, sayayya kaɗan takan ɗaga farashi. Waɗanda suka riga shiga su baza labari, sababbi su ruɗu su shigo, na farko su sauke kayansu a kansu su fice, farashi ya koma inda ya fito. 'Yan Zumuntar Maza su kaɗai ba za su motsa farashin wani kamfani a ƙetare ba, amma irinsu dubu a garuruwa dubu, kowa da ɗan ƙanwarsa, su ne ainihin abin da ake girbewa.

An taɓa yin wannan a kan malalar mai ƙiri-ƙiri. Ranar 20 ga Afrilu, 2010, wata rijiyar mai ta kamfanin BP ta fashe a mashigin tekun Meziko, mutum 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana kwarara. Kafin watan Mayu ya ƙare, hukumar kula da cinikin hannun jari ta Amurka ta gargaɗi jama'a game da ƙananan kamfanoni masu da'awar suna da maganin malalar, ta kuma dakatar da cinikin hannun jarin wani mai suna ACT Clean Technologies, saboda shakku a kan iƙirarinsa cewa BP ya nuna sha'awar fasaharsa. Shawarwari fiye da 100,000 ne suka isa hannun BP daga ko'ina a duniya, kaɗan ƙwarai aka yi aiki da su. Yawancin aikin da tsofaffin hanyoyi aka yi shi: shingen roba a kan ruwa, jiragen kwasa, ƙonawa, da sinadarin wani babban kamfani da aka riga aka sani.

Cikin wannan shekara ta 2010 ɗin ne mu ma, a nan Zamfara, muka sami tamu gurɓacewar. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum yara fiye da 400 suka mutu da gubar dalma, sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yadda aka tsabtace waɗannan garuruwa abin lura ne. Mutane ne da fartanya da shebur da baro suka kankare saman ƙasar tsakar gida, suka kai ta rami aka binne, suka zubo sabuwa, yayin da likitocin ƙungiyar MSF ke ba yara maganin fitar da guba daga jini. Bagega, wadda ta fi girma, sai da ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikinta. Haka a ƙasar Ogoni: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na watan Agusta 2011 ya ce gyaran zai ci shekara 25 zuwa 30, ya nemi a fara da dala biliyan ɗaya, ya kuma nuna cewa a Nisisioken Ogale mutane na shan ruwa mai ɗauke da sinadarin da ke jawo ciwon daji fiye da ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Sai a 2016 aka ƙaddamar da aikin. Abin da ya jinkirta Bagega da Ogoni shi ne rashin wanda zai biya, da jan ƙafar masu iko. Dabarar yin aikin kuwa tana nan tun farko. Girman buƙatar talaka ba ya zama ciniki ga kowane kamfani sai an sami mai sa hannu a aljihu. Wanda ya ce maka buƙata ta yi yawa saboda haka riba tabbas ce, ya tsallake wannan gaɓa.

Akwai wani abu kuma da ya fi damunmu a matsayin masu kula da rayuka. Mun tambayi dattijo, me yake ji idan ya kunna rediyo da safe aka fara labarin wani jirgin dakon mai da ya sami matsala a teku. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Fada, kunnena yakan tashi." Mutum ne mai tausayi, wanda ya sha biya wa marayu kuɗin jarrabawa daga albashinsa. Amma ya ɗaure begensa a jikin bala'i, kuma zuciya takan bi inda aka ɗaure ta. Za a ce ai likita ma da ciwo yake ci, mai haƙar kabari da mutuwa. Gaskiya ne, amma likita yana tashi ya je ya yi wani abu ga majinyaci, ladansa na aikin hannunsa ne. Mai riƙe da wannan takarda ba shi da abin da zai yi wa masuncin da mai ya kashe wa kifi. Iyakarsa ya jira labari ya ɓaci ya sayar.

Yanzu mu koma kan ainihin tambayarsa, wato ko ya halatta ya jawo 'yan'uwa. Masanan dā sun yi ta muhawara a kan wani misali da zai yi daidai da kasuwar hatsi ta Shinkafi. Wani falke ya kawo hatsi daga Iskandariya zuwa tsibirin Rodas ana cikin yunwa, farashi ya yi sama, shi kaɗai kuma ya san cewa wasu jirage cike da hatsi suna biye da shi. Dole ne ya faɗa, ko ya yi shiru ya sayar da tsada? Sisero, marubucin Roma, ya ce ya faɗa. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya ɗauko irin wannan misali a babban littafinsa na tauhidi, a tambaya ta 77 ta kashin da ya shafi adalci, ya yi hukunci mai sauƙi fiye da na Sisero: adalci bai tilasta wa falken ya bayyana abin da bai riga ya faru ba, ko da yake in ya faɗa, ko ya rage farashi, ya fi nagarta. A lokacin da muke makarantar horon firistoci wannan amsa ta ba wasunmu mamaki, don mun zaci waliyyi zai fi arne tsanani. Amma a wuri guda Toma ya ja layi inda ba ya lanƙwasuwa. Idan aibin yana jikin kayan ne, a ɓoye, kuma zai jawo wa mai saye asara ko haɗari, kamar gurgun doki da aka sayar a matsayin mai gudu, ko gida mai shirin rushewa, ko ruɓaɓɓen abinci, to, wajibi ne mai sayarwa ya bayyana, in bai yi ba cinikin zamba ne.

A wane gefen layin dattijonmu yake? Hatsin falken Rodas lafiyayye ne, wanda ya saya zai ci ya ƙoshi. Shi kuwa dattijo ya san kamfanin na cikin bashi, ya san farashi ya karye da rabi a hannunsa, ya san bai taɓa ganin sinadarin ba balle wanda ya yi aiki da shi, kuma ya san dalilin da zai sa ya yaba shi a gaban mutane shi ne ya sami hanyar fita. Gurgun doki ke nan. Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne, ba don sun binciki kamfanin 'yan Zumunta za su saya ba; don Malam ne ya faɗa, mutumin da ya koyar da 'ya'yansu bai taɓa cin kwabon kowa ba. Amanar da ya tara cikin shekara talatin da wani abu ita ce hajar da za a sayar. Mun ga yadda aka yi da irin wannan amana a 2016, lokacin da MMM ta rushe da kuɗin miliyoyin 'yan Nijeriya, muka sake gani a Afrilun 2025 da CBEX. Da yawa a cikin masami'u da masallatai aka shigar da su, ta bakin wanda suke zama kusa da shi.

Katekizim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, a sakin layi na 2409 ya lissafa murɗa farashi da gangan don cin riba a kan asarar wasu cikin abubuwan da doka ta bakwai ta hana. A na 2413 kuma ya koyar cewa wasan sa'a a kan kansa bai saɓa wa adalci ba, sai ya kai ga hana mutum abin da shi da waɗanda ke wuyansa suke buƙata don rayuwa. Mu lura da wannan sassauci. Matashin da ba shi da iyali, ya ware 'yan kuɗin da ko sun ɓata ba zai kwana da yunwa ba, ya saya da idonsa a buɗe yana sane cewa caca yake yi, ba za mu ce ya yi babban zunubi ba, ko da yake ba za mu kira shi mai hikima ba, kuma muna roƙonsa kada ya yi wa abin laƙabi da taimakon masunta. Amma kuɗin sallama ba na mai ritaya ba ne shi kaɗai. Akwai haƙƙin matar da ta yi haƙuri da albashin da ba ya zuwa a kan kari, da na autan da bai gama makaranta ba. Kuɗin adashe kuwa ko kusa ba na ma'aji ba ne. Kwasar wata gwauruwa ce da ke jiran zagayenta don ta rufe ɗaki kafin damina. Maƙwabtanmu Musulmi suna da tsohuwar koyarwa a kan haka, inda malamansu suka hana cinikin garari, suna ba da misali da sayar da kifin da ke cikin ruwa ko tsuntsun da ke sama. A wannan batu mu da su ba mu da saɓani.

Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, a wasiƙarsa ta 1991 mai suna Centesimus Annus, ya nuna cewa zaɓen inda mutum zai sa jarinsa zaɓe ne na ɗabi'a, ba na lissafi kaɗai ba. Wanda da gaske yake son kuɗinsa su taɓa ruwa mai tsabta, rijiyoyin burtsatse nawa ne suka lalace a unguwanninmu don rashin kuɗin gyaran famfo? Ba za su ninka masa dukiya ba, amma zai ga inda kuɗin suka shiga. Wanda kuma yake son jari na sosai, ya nemi dillali mai rajista da hukumar kula da hannun jari ta ƙasa, ya tambayi abin da kamfani ke sayarwa, wa ke saye, da shekarar da ya raba riba ta ƙarshe.

Abin da muka gaya wa dattijo shi ne: yana da 'yanci ya riƙe abin da ya saya, yana da 'yanci ya sayar a kasuwa a kan farashin da ta ba shi, inda halin kamfanin yake a bayyane ga duk mai dubawa. Amma kada ya buɗe baki ya yabe shi ga kowa a Zumunta, kuma in wani ya tambaye shi, ya faɗi nawa ya zuba da nawa ya rage. Ya amsa da to. Ya ce zai kira ɗan ƙanwarsa ya sayar, a karɓi abin da ya samu, ya kuma ja masa kunne don shi ma yaron nasa kuɗin suna ciki.

Da ya miƙe zai tafi, sai muka tambaye shi ko Mama ta san da maganar naira 300,000 ɗin. Ya sunkuyar da kai, ya ce yana jira ne a gama girbi, hankali ya kwanta. Muka ce, "Baba, ga ta can bakin ƙofa tana jiranka da jakar Zumunta a hannu. Ko mu raka ka?" Ya ce a'a, zai iya. Muka tsaya muna kallonsu har suka sha kwana, shi yana magana, ita ta rage tafiya.